Mutumin da Ya Share Kurmi

Akwai wani mutum mai babban kurmi a bayan wani gari, rafi ya ratsa ta tsakiyar kurmin ya raba shi biyu. Da tafiya mai nisa ta kama shi, sai ya kira ɗaya daga cikin ma'aikatansa, mai suna Filibus, ya zagaya da shi ko'ina.

Ya ce masa, "Gabas da rafin nan na ba ka don sara. Ka raba shi kashi-kashi, ka ɗebi manyan itatuwan da suka isa, ka bar ƙanana, kada ka koma inda ka sara sai ya farfaɗo. Ka yi wa mutanen gari katako, kada kowa ya rasa ƙofa. Amma yamma da rafi, ka kiyaye mini shi yadda ka same shi. Bayan shekara bakwai zan dawo. In na tarar kurmina yana raye, kai da 'ya'yanka za ku ci gaba da riƙonsa. In kuwa ya mutu, zan karɓa in ba wani."

Filibus ya ce, "To, Maigida. Allah ya dawo da kai lafiya."

Kada ku zaci Filibus ɓarawo ne ko rago. Ko kusa. Kafin ya koyi zarto manomi ne, kuma duk garin babu gonar da ta kai tasa tsabta. Irin mutumin nan ne da in ya zo gaishe ka, yana tambayar lafiyar iyali yana cire maka ciyawar bakin ƙofa. Ni ina ƙaunar irin waɗannan mutane, don ni ma haka nake, matata shaida ce.

Shekarar farko ya yi aikinsa a gabas yadda aka ce. Kafintoci suka sami katako, aka yi ƙofofi da kujeru, kowa yana sa masa albarka. Da rani ya yi, aiki ya ragu, sai ya haye rafi don ya duba wancan ɓangaren da aka ce ya kiyaye. Abin da ya gani ya ɓata masa rai ƙwarai. Ga gungume ya faɗi yana ruɓewa, gara na ci. Ga sarƙaƙiya ta cushe hanya. Ga tsofaffin itatuwa cikinsu duk kogo, ƙudan zuma na shiga suna fita, jemagu sun yi reto a rassa suna ɓata ƙasa da kashinsu.

Ya ce a ransa, "Ashe haka zan bar wa maigidana wuri kamar kango? In ya dawo ya ce me na kiyaye?"

Washegari ya zo da adda da gatari. Bai taɓa ko bishiya ɗaya mai kyau ba, wannan kam a yi masa adalci. Masu kogo da karkatattu da matattu kawai ya bi yana sarewa. Ya faskara su ya raba wa matan gari itacen wuta, suka yi ta godiya. Ya kori jemagu da hayaƙi da kaɗa gwangwani. Ya tara busassun ganye ya ƙone. Kafin shekara ta uku ta ƙare, yammacin rafi ya zama wurin da za ka shimfiɗa tabarma ka ci tuwo. Har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo, Filibus kuwa yana jin daɗi a ransa.

Wuri ɗaya ya rage masa, wani kwazazzabo a can ƙarshen kurmin, inda wata tsohuwar bishiyar ɓaure take, rabinta ya bushe, cikinta rami har mutum ya tsaya. A nan Gwaggo Liyatu, ƙanwar mahaifinsa, takan ɗebi ganyen magani. Ita ce mai yin daddawar da duk garin ke miya da ita. Ranar da ya zo da gatarinsa, sai ya tarar da ita zaune a gindin ɓauren, ta miƙe ƙafa.

Ya durƙusa ya gaishe ta, sa'an nan ya ce, "Gwaggo, ki ɗan matsa, kada reshe ya same ki."

Ta ce, "In matsa ina? Me ta yi maka?"

"Ba ta da amfani, Gwaggo. Duk ta ruɓe. Ko kujera ɗaya ba za a fitar a jikinta ba."

"To, ni ma ba za a fitar da kujera a jikina ba. In ka gama da ita sai ka juyo kaina."

"Haba, Gwaggo!"

"Ka ji ni dai, ɗan nan. Tafi da gatarinka."

Ita ta goya shi yana jariri, ba shi da bakin musu da ita. Ya saɓa gatarinsa ya tafi, yana gunaguni har gida. Duk sa'ad da ya tuna da kwazazzabon nan sai ya ji kamar tsakuwa a takalmi.

A shekara ta huɗu ɗorawar garin ta yi fure kamar kullum, amma 'ya'ya kaɗan suka kama. Shekara ta biyar abin ya fi muni. Gwaggo Liyatu ta rasa kalwar da za ta dafa, miya ta zama salam a gidaje da yawa. Masu cin zuma suka duba amyarsu suka tarar babu kowa a ciki. Abin da ya fi tayar wa Filibus hankali shi ne gabashin rafi. Wuraren da ya fara sara, inda ya kamata a ga ƙananan kawo da kanya suna tasowa, ciyawa ce kawai ta rufe su. Ya tsinto iri ya shuka da hannunsa, ɓeraye suka tone. Waɗanda suka tsiro, tsutsa ta cinye ganyensu. Wata safiya yana tafiya a cikin kurmin mai tsabta, sai ya lura ba ya jin komai sai takun ƙafarsa. Tsoro ya kama shi. Ya dubi 'ya'yansa da yamma suna cin abinci, ya rasa abin da zai gaya musu in aka karɓe kurmin.

Da shekara bakwai ta cika, mai kurmi ya dawo. Filibus ya kai shi gabas, ya ga ciyawa. Ya haye da shi yamma, ya ga itatuwa tsaye a share, ƙasa fes. Mai kurmi ya tsaya ya kasa kunne. Can ya ce, "Ina ma'aikatana?"

Filibus ya ce, "Maigida, ai ni kaɗai ka bari."

Ya ce, "Na bar dubbai a nan. Cilakowa ce take ɗaukar 'ya'yan itace ta haye rafi ta yar, ita ce mai shukata, a kogon itace kuwa take ƙyanƙyasa. Jemage da ƙudan zuma su ne suke bin furen ɗorawa har ta yi 'ya'ya. Mujiya ce mai tsare mini iri daga ɓera. Gungumen da yake ruɓewa, takin ƙasata ne. Ba su taɓa neman komai a wurina ba sai wurin kwana. Kai kuwa ka rushe ɗakunansu ka sallame su."

Filibus ya faɗi a gabansa da kuka. Ya ajiye zartonsa a ƙasa ya ce, "Na yi kuskure, Maigida. Na zaci gyara nake yi. Ga zartonka, ba zan ƙara taɓa itace ba har in mutu."

Bai rufe baki ba sai suka ji kukan cilakowa daga can ƙarshen kurmi. Mai kurmi ya juya ya bi sautin, Filibus na biye da shi, har suka gangara kwazazzabon. Ga ɓauren nan tsaye da ruɓaɓɓen cikinta, tsuntsaye sun cika ta da surutu, ƙudan zuma na kai da komowa a kogonta, jemagu sun yi reto. Daga gindinta har bakin rafi, ƙananan itatuwa ne iri-iri, wasu sun kai gwiwa, wasu sun kai ƙugu. Har a tsallaken rafi, a gefen da aka sara, ga 'yan kawo sun fito. Gwaggo Liyatu tana sunkuye tana tsinkar ganyenta.

Mai kurmi ya yi murna ƙwarai. Ya ce, "Kurmina bai mutu ba. Wa ya bar wannan wuri?"

Filibus ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni ba ne. Na zo sarewa, Gwaggo ta hana ni."

Tsohuwar ta ɗago ta ce, "Ranka ya daɗe, yaron kirki ne. Hannunsa ne dai ba ya zama wuri ɗaya."

Mai kurmi ya yi dariya. Suka koma inda zarton yake kwance, ya ɗauka da kansa ya miƙa wa Filibus, ya ce, "Karɓi. Har yanzu mutanen gari suna bukatar ƙofa, yara suna bukatar abin zama a makaranta. Ka ci gaba da sara a gabas yadda na ce maka. A yamma kuwa aikinka shi ne ka tsare wuta, ka tsare ɓarayin itace, ka tsare hannunka. Kurmin yana wurinka da 'ya'yanka."

Ba a shekara ɗaya wurin ya farfaɗo ba. Amma sannu a hankali sarƙaƙiya ta dawo, tsuntsaye suka bazu daga kwazazzabon, ɗorawa ta sake yin nauyi da 'ya'ya. Kwandon kalwa na farko, Filibus ya ɗauka a ka ya kai wa gwaggonsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai kurmin nan Allah ne, kurmin kuwa duniyar da ya danƙa a hannunmu. Tun da ya sa mutum a gona ta farko, aiki biyu ya ba shi, ya yi noma ya kuma kiyaye. Gabas da rafi shi ne abin da ya ba mu mu mora. Sarar itace ba zunubi ba ce, 'yan'uwa. Bencin da kuke zaune a kai yanzu a daji aka yanko shi, akwatin da za a sa mu a ƙarshe ma haka. Yamma da rafi kuwa shi ne abin da ya ce mu bari. A ƙasashe da yawa na duniya yau ana ta ja-in-ja, wasu na cewa a sare duka don mutane su ci, wasu na cewa kada a taɓa ko reshe. Misalin nan yana koya mana cewa gefen da ake sara, daga gefen da aka bari yake samun iri. In aka kashe wancan, mai zarto ma zai kwana da yunwa wata rana.

Amma ku lura da kuskuren Filibus, don shi ne namu. Ba haɗama ce ta kayar da shi ba. Ya ɗauka duk abin da bai ga amfaninsa ba, ba shi da amfani. Mu ma haka muke. Mukan dubi tsohuwar bishiya a bakin gona mu ce ta tsare mana hasken rana, mu sayar wa masu gawayi, ba mu taɓa tambayar wa yake kwana a cikinta ba. Mukan sa wa daji wuta don neman gafiya ɗaya. Allah bai halicci komai a banza ba, ko da bai gaya mana aikin da ya sa shi ba.

Ba a daji kaɗai muke wannan sharar ba. A cikin ikilisiyar nan akwai tsofaffin da ba sa iya tsayawa a ƙungiyar mawaƙa, ba sa iya ɗaukar bulo ranar aikin gayya. Wani lokaci mukan wuce su ko gaisuwa babu. Ba mu san addu'ar wa take riƙe da gidajenmu ba. Wannan abin yana damuna, don ni ma na yi shi.

Ga albishir ɗin, bishiya ɗaya da aka bari ta isa Allah ya sake tayar da kurmi, kuma bai karɓe zarton daga hannun wanda ya tuba ba. In ka riga ka sare da yawa, je ka nemi abin da ya rage ka tsare shi tun yau. An ce Filibus ya tsufa yana riƙe da kurmin, kuma duk sa'ad da zai haye yamma da rafi, sai ya ajiye addarsa a kan dutse, ya haɗa hannuwansa a baya, don ya san halinsu. Ubangiji ya koya mana inda za mu sa hannu, ya kuma ba mu ƙarfin janye shi inda ya ce mu bari. Amin.