Wasiƙar Baba Tonko

Akwai wata yarinya da aka yi a garinmu, nan Bulgariya, tun Turkawa na mulki, sunanta Velika. Tana cikin 'yan mata ashirin da aka fara buɗe wa makaranta a wani ɗaki bayan coci.

Mazan garinmu 'yan lambu ne. Da bazara su tafi Hungary noman kabeji da tattasai, sai sanyi ya kawo jiki su dawo. Wasiƙunsu kan zo da rubutu kamar tonon kaza, Velika ce ke bi gida-gida tana karanta wa matansu. Malamarsu, Malama Zoitsa, ta sha yi mata faɗa, wai tana ɓata idonta a kan shirme ta bar hadda.

Hadda kuwa ita ce aikin gaba ɗaya. Al'ada ce a ƙarshen shekara a tara gari a jarraba ɗalibai a gaban dattawa, kuma a wannan karon ne za su yanke ko makarantar ta ci gaba ko a rufe ta. Don haka Malama ta raba wa kowace yarinya shafinta, ta haddace shi tsaf.

Ranar ta zo, ɗaki ya cika har taga. Yara suka riƙa zuba karatu ba gargada.

Baba Tonko, shugaban dattawan, tun farko cewa yake karatun mace ɓarnar itacen ɗumama ɗaki ne. Ya miƙa hannu ya rufe littafin da suka haddace.

"Aku ma yana yin wannan," in ji shi.

Ya zaro wasiƙa daga ɗamararsa. Daga ɗansa Penyu take, wanda ke can Hungary. Kwananta tara a wurinsa, don shi bai iya karatu ba, ba sa magana da limamin cocin, girman kai kuma ya hana shi roƙon wani. Ya ce in an samu mai karanta ta, makaranta ta ci gaba. In ba a samu ba, kowace ta koma kaɗin ulu.

Yarinya ta farko ta duba, ta fashe da kuka. Ta biyu ko karɓa ba ta yi ba.

Velika ta taso ta karɓa. Ta karanto gaisuwa ga uwa da dangi, da labarin kabeji ya yi kyau bana. Sai idonta ya riga bakinta zuwa layin gaba, ta dakata. Penyu ya rubuta cewa ba zai sake taka gidan ba saboda marin da uban ya yi masa a gaban matarsa, sai fa in tsohon ya aiko da ban haƙuri.

"Ci gaba mana, 'yar nan. Ko haddar ta ƙare?"

"Baba, sauran naka ne, ba na taro ba."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai gaisuwa kowa ya san yadda ake fara ta. Malama Zoitsa ta matso, tana raɗa wa Velika ta karanta ko mene ne ta cece su.

Velika ta san da ta ɗaga murya makaranta ta tsira, tsohon kuma ba zai sake ɗaga kai a kasuwa ba. Ta ratsa mutane, ta durƙusa kusa da shi, ta karanta masa a kunne.

Marin nan mutum uku kaɗai suka san da shi. Da Baba Tonko ya so, sai ya ce ƙarya take, asirinsa ya rufu, makaranta ta rufu. Ya ninke takardar a hankali.

"Ta karanta," ya ce. Ya dube ta. "Rubutu fa, kin iya?"

"Na iya, Baba."

"To gobe da safe ki zo gida da alƙalami."

Ba a rufe makarantar ba. Penyu kuwa ya iso gida kafin ƙanƙara ta sauka.

Darasi: Karatun da ba ya aiki a wajen littafi ado ne kawai, kuma wanda ya samu damar tozarta mutum ya rufa masa asiri bai yi asara ba. Ku tura wa masu 'ya'ya a makaranta su karanta musu.