Igiyar da ba ta gama wankuwa ba

Akwai wani mutum mai masana'antar yin zare, shi da 'yarsa. Zarensu ba na auduga ba ne, ana ce masa aramid. Launinsa ruwan ɗorawa ne, ba shi da nauyi, amma da ƙyar wuƙa take yanka shi.

Ga yadda suke yinsa. Sukan haɗa sinadarai iri biyu, waɗanda ƙwayoyinsu ke kama juna, wannan na bin wancan, har su zama dogayen sarƙoƙi da ido ba ya gani. Abin da ya fito gari ne da wuta ba ta narkar da shi. Sai an zuba shi cikin asid mai zafin gaske, irin na ruwan batir, sa'an nan ya narke, sarƙoƙin su jeru su fuskanci gefe ɗaya. Daga nan a matso shi ta ƙananan huji kamar na rariya, ya faɗa ruwan sanyi ya zama zare. Sauran aikin wanki ne, ruwa bayan ruwa, har asid ɗin ya fita ƙaf.

Mijin 'yar ma'aikacin kwana-kwana ne, shi ake zurawa cikin rijiya in wani ya faɗa. Wata rana ta ga igiyarsa ta tsufa, ta fara zarewa, sai tsoro ya kama ta. Ta ɗauki sabon zare tun bai gama wankuwa ba, gama yana sheƙi, ta ja shi kuma bai tsinke ba. Ta sa aka tufka igiya ta ba shi.

Igiyar ta yi aiki har damina ta wuce. Sai mijin ya kawo ta wurin surukinsa a gyara mata baki, yana dariya.

"Baba, igiyar 'yarka ta fara canza launi. Ko ita ma ta gaji da ɗaukata ne? Tuwon gidana ya yi yawa."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ga launinta na ruwan ɗorawa ya koma ƙasa-ƙasa. Ya rataya mata buhun yashi wanda bai kai nauyin mutum ba, sai ta tsinke.

'Yar ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska. "Baba, sauri nake yi. Tsoro nake ji kada tsohuwar igiyar ta tsinke da shi."

Mahaifinta ya zauna kusa da ita, ya ce, "Na sani, Rahila. Ba mugunta ba ce. Amma asid ɗin da ya rage a ciki bai daina ci ba." Ya juya ga surukinsa. "Kai kuma ka ari igiyar abokan aikinka. Wannan karon za ka jira."

Mijin ya ce, "Zan jira, Baba." Bai saki hannun matarsa ba.

Suka sake yin zare. Ita da kanta ta tsaya a bakin kwamin wanki, ba ta ɗauke zaren ba sai da ya tsarkaka.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Asid ɗin wahala ce: rashin lafiya, mutuwar wanda muke ƙauna, cin amana. Ubangiji yakan yi aiki da ita ya daidaita zuciyar da ba abin da ya iya tausasa ta. Amma bai nufa ta zauna a cikinmu ba. Wankin kuwa addu'a ce, da kuka a gaban Allah, da gafara, da zumuntar ikilisiya.

Na lura mukan yi wa masu baƙin ciki gaggawa, kuma sau da yawa don ƙauna ne. Gwauruwa ta dawo sujada tana murmushi, sai mu ce ta warke, mu ɗora mata jagorancin zumuntar mata. Ɗacin kuwa yana nan a ciki, yana ci a hankali, har ranar da wani zai jingina da ita da dukan nauyinsa.

In kai ne ka fito daga wahala, kada ka ji kunyar daɗewa cikin ruwa. In ɗan'uwanka ne, zauna kusa da shi, ka jira. Ubanmu na sama ba ya gajiya da wanke 'ya'yansa.