Shekarar da Iliyasu Bai Sauka Ba

A wani ƙauye kusa da Urafane an yi wani saurayi mai suna Jaji, ɗan Malam Na Allah. Shi ne na farko a gidansu da ya yi lakwal, wato makarantar boko, har Maradi, inda ya karanto aikin gona. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan kam ba mai musu. Aibinsa guda ne: duk abin da bai gani a allon lakwal ba, a wurinsa duhun kai ne.

Gidansu na da tsohuwar amana da gidan Iliyasu, wani makiyayi mutumin arewa. Kowace kaka bayan girbi, Iliyasu yakan sauka a gonarsu, dabbobinsa su ci kara su bar taki. In rani ya tsananta kuma, sai ya haɗa shanun Na Allah da nasa ya yi kudu da su, ya maido su da faɗuwar damina. Tun zamanin kakanni haka ake yi.

Jaji ya dawo gida a zamanin mulkin soja, da buhun takin zamani da baki cike da Faransanci. Ya ce dabbobi tattake gona kawai suke yi, ya kewaye ta da shingen ƙaya. Ranar da Iliyasu ya iso, Na Allah ya tafi kasuwar Kanan-Bakashe. Jaji ya tare shi a bakin shinge, ko ruwa bai ba shi ba. A gaban 'ya'yan Iliyasu ya ce masa gona ba makiyaya ba ce, in akuya ɗaya ta ƙetara zai kira jandarma. Iliyasu ya ce a gaida masa maigida, ya juya garkensa.

Da Na Allah ya ji labari, sai ya kira ɗansa. Ya ce, "Mi ka yi haka, Jaji? Mutumen ga shi ya yanka ragon sunanka. Bi shi ka ba shi haƙuri."

Jaji ya ce, "Baba, zamani ya sake. Ku bar mani wanga aiki."

Ya ce zai je gobe, goben nan kuwa ba ta zo ba.

A daminar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, takin zamanin ya ƙone abin da ya tsira. Makwabta masu abokai makiyaya suka tura shanunsu kudu. Na Allah kullum yana zaune a ƙofar gida yana duban hanyar arewa, har aka zo aka gaya masa Iliyasu ya riga ya wuce ta Hawandawaki. Jaji ya hau babur ya bi sawu, amma bai tarar da komai ba sai tokar murhu.

Shanun Na Allah suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ƙarshe ta kasa tashi, Jaji ya durƙusa gaban mahaifinsa yana kuka, yana cewa zai yi aiki ya saya masa wasu.

Tsohon ya ce, "Ba shanun ne ke ci mani rai ba, ɗana. Tun muna yara muke tare da Iliyasu. Yanzu ko mutuwata ya ji, ba shi zuwa."

Kafin damina ta sake zagayowa Na Allah ya rasu. Jaji ya zauna zaman makoki yana ɗaga kai duk sanda aka yi sallama. Daga gidan Iliyasu ba wanda ya zo.

Mai karatu, ilimin boko alheri ne, amma ba ya ba mutum ikon raina abin da ya tarar a gidansu. Kafin ka rushe wata al'ada, ka tambayi manya abin da take riƙe da shi. Wani abin in ya ɓaci ana gyarawa, amma zumuncin da girman kai ya yanke sau da yawa ba ya ƙulluwa.