Jiran Sabuwar Ƙwaƙwalwa

Akwai wani mutum a wani ƙauye a gindin duwatsu, sunansa Habila. Malamin makaranta ne, ba ya sha, ba ya zagi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Da abu ɗaya ya fi mutanen garinsu, wato sanin kwamfuta. In wayar mutum ta ƙi aiki, wurinsa ake kaiwa. In fasto zai aika saƙo birni, shi ake kira. Habila kuwa ya san ya sani, wannan kuma shi ne ciwonsa.

Mahaifiyarsa, Mama Liyatu, ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata tun kafin a haife shi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma Allah ya zuba mata waƙa a ciki kamar hatsi a rumbu. Waɗansu ta gada daga matan farko da suka karɓi bishara a wannan ƙasa. Waɗansu ita ta haɗa su, a bakin dutsen niƙa, ko a hanyar rafi, ko a kan kabarin 'ya'yan da ta binne. Ga yadda suke yin waƙar: ita ta ɗaga baiti, mata su karɓa da amshi, ana buga tulu ana kaɗa caki. Ta kawo wani baitin, su sake amsawa. Ba a taɓa rubuta ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya damu, gama kowa yana ganin ai dukan gari sun iya waƙoƙin nan, tun da kowace Lahadi da bakinsu ake rerawa.

Wata Lahadi bayan sujada, Mama Liyatu ta ja Uwar Zumunta gefe, wata mata mai suna Damaris, ta gaya mata numfashinta ya fara gajarta, wani lokaci kuma sai ta kama baiti ya kuɓuce mata. Ta ce tana so a ɗauki waƙoƙin a na'ura tun tana da baki. Matan suna da gonar gyaɗa da suke nomawa tare saboda aikin ikilisiya. A kakar nan suka sayar da abin da suka samu duka, Mama Damaris ta ƙulle kuɗin a gefen zane, ta kai wa Habila har gida. Ta ce ya je birni ya sayo kwamfutar nan da ake ɗorawa a cinya, ya zauna da uwarsa ya kwashe waƙoƙin, ya rubuta baitocin, ya shirya su bi da bi domin jikoki.

Habila ya yi murna ƙwarai, gama yana ƙaunar uwarsa. Ran kasuwa ya shiga mota ya tafi birni. Mai shago ya buɗe masa wata mai kyau, Habila ya juya ta, ya gwada, bai ga aibinta ba. Har ya sa hannu a aljihu, sai ya tuna da abin da ya karanta a wayarsa.

To, a cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu da bai kai akwatin ashana ba, shi ne ke yin dukan tunanin. Masu sayarwa suna ce masa furosesa, mu kuwa bari mu ce ƙwaƙwalwa. Masu ƙera ta ba sa hutawa, kafin ka saba da wannan sun fito da wata. Habila ya tambayi mai shago ko gaskiya ne akwai sabuwa a hanya. Mai shago ya ce gaskiya ne, ana sa ranta kafin ruwa ya sauka, ta fi wannan sauri, kuma batirinta yana daɗewa. Ya ƙara da cewa in ta fito, wannan ma da ke gabansa za ta yi araha.

Habila ya yi tunani a ransa ya ce, garinmu wuta sai ta ga dama take zuwa, batir mai daɗewa shi ne namu. Kuma wannan gumin mata ne, ba zan zubar da shi a kan abin da zai zama tsohon yayi gobe ba. Sai ya zare hannunsa daga aljihu, ya koma gida hannu rabbana.

Kada ku yi saurin zaginsa. A ranar nan lissafinsa daidai ne, ko ni da zan iya yin haka. Da ya yi wa Mama Damaris bayani, ta ce ai shi ya san abin, su nasu noma ne da waƙa.

Ruwa ya sauka, sabuwar ta fito. Habila ya koma birni ya same ta, amma tsadarta ta fi ƙarfin abin da ke hannunsa. Ya kuma karanta cewa fitowar farko ba a rasa ta da 'yan matsaloli, mai hankali yakan bari waɗansu su fara saya su gano masa. Kwamfutar da ya gani da farko ta yi araha kamar yadda aka ce, amma yanzu idonsa ya ga wadda ta fi ta, sai ta zame masa abin raini. Ya sake komawa gida, yana cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Daga nan jira ya zame masa sana'a. In ya taso daga makaranta, sai ya zauna a gindin mangwaro da waya a hannu, yana kwatanta wannan da waccan, yana kallon mutanen wata ƙasa suna buɗe kwali suna yabon abin da ke ciki. Ya san sunan kowace ƙwaƙwalwa da lambarta, har waɗanda ba a gama ƙerawa ba. Uwarsa kuwa tana can kan tabarma a ƙofar ɗakinta, tana ɓare gyaɗa tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, iska tana kwashewa.

Wata rana da hantsi ta kira shi ta ce, "Habila, yau na tashi da wata waƙar kakarka a baki, na daɗe rabona da ita. Zo ka ɗauka ko a wayar nan taka."

Ya ce, "Mama, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Muryarki ta fi ƙarfin waya. Ki ɗan ƙara haƙuri, in na kawo ta gaske za mu yi aiki mai kyau, sau ɗaya tak."

Tsohuwa ta dube shi ta ce, "To, ɗana. Taka ƙwaƙwalwar kullum ana ƙera sabuwa. Tawa guda ɗaya ce, kuma ta fara yoyo."

Habila ya yi dariya ya ce ai Mama sai ta ga 'ya'yan jikokinta. Maganar ta taɓa shi, amma bai bari ta zauna ba, ya koma gindin mangwaro.

Da kaka ta zagayo, farashin sabuwar ya sauko daidai hannunsa. Mama Damaris ta zo ta ce mata sun fara ƙorafi, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ya sayo wadda ta samu. Ya yi mata alkawari ran kasuwa mai zuwa. Amma kafin ranar ta zo, aka sanar da cewa akwai wata kuma a hanya, wadda za ta sa duk na baya su zama abin wasan yara. Habila ya ce a ransa, na yi jira har haka, in na saya yanzu ai jiran da na yi ya tashi a banza. Haka jiran jiya ya zama hujjar jiran yau.

Ana cikin rani, wata safiya Mama Liyatu tana sharar tsakar gida, sai tsintsiya ta faɗi daga hannunta, ita ma ta bi ta. Aka ɗauke ta a mota zuwa asibitin birni. Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Ya ce mai yiwuwa ta dawo, mai yiwuwa kuma ba za ta dawo ba.

Habila ya fita daga asibiti kamar wanda kare ya biyo, bai tsaya ko'ina ba sai shagon nan. Bai tambayi wace ƙwaƙwalwa ce a ciki ba, bai tambayi batir ba. Ya ce a ba shi duk wadda take kusa. Mai shago ya miƙo masa ɗaya, ashe irin wadda ya juya a hannunsa ran farko ya ajiye ce.

Da aka sallamo tsohuwa, matan zumunta suka zo gidan da zanensu iri ɗaya, da tulu da caki. Mama Damaris ta ce watakila in ta ji kiɗa harshenta ya saku, in ma bai saku ba ai su ma sun iya waƙoƙin, sai su rera a ɗauka. Aka jingina Mama Liyatu da bango a kan tabarmarta. Habila ya buɗe kwamfuta a cinyarsa ya danna, ta fara ɗauka.

Aka buga tulu. Mata suka dubi tsohuwa kamar yadda suka saba, suna jiran baiti. Bakinta ya motsa ta gefe ɗaya, ba abin da ya fito sai numfashi. Da wurin amshi ya zo, suka amsa gaba ɗaya, murya ta cika gidan. Tulu ya ci gaba, wurin baiti ya sake zuwa, aka yi shiru.

Mama Damaris ta gyara murya ta ce bari ita ta ɗaga. Ta kawo layin farko, ta kama rabin na biyu, ta tsaya. Wata ta ce ba haka yake ba, akwai maganar rijiya a wurin. Wata ta ce a'a, rijiyar a wata waƙar take. Suka bar wannan suka kama wata, nan ma haka. A nan ne suka gane abin da ba su taɓa lura da shi ba. Tun suna amare suke waƙar nan, amma amshi kawai suka iya. Sa'ad da take ba da baiti, su suna jan numfashi ne suna jiran nasu wurin.

Habila ya dubi uwarsa, ya ga hannunta na hagu yana bugun tabarma daidai da kiɗa, bai kuskure ko sau ɗaya ba, hawaye kuma yana bin kuncinta. Ya gane waƙoƙin suna nan a cikinta duka, ƙofar ce ta rufu. Ya ajiye kwamfutar a ƙasa, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, ki gafarta mini." Ta ɗora hannun a kansa. Ta gafarta masa, amma gafara ba ta mayar da baiti ko ɗaya ba.

Kafin a cire gyaɗar shekarar, Mama Liyatu ta huta. A bakin kabarinta mata suka rera amshi, ba mai ba su baiti. Kwamfutar tana nan a ɗakin Habila, lafiyarta ƙalau. Wani lokaci yakan kunna abin da ya ɗauka ranar nan. Sauti ya fita tas, ba ƙara ko kaɗan. Za ka ji tulu, ka ji amshi, sa'an nan ka ji wurin da uwarsa ya kamata ta kasance.

Ga ma'anar wannan misali, mai kunne ya riƙe.

Habila ni ne, kai ne, ke ce. Gumin matan nan da aka ƙulla aka ba shi, shi ne amanar da Allah ya sa a hannun kowannenmu: ƙarfi, da sani, da 'yan kwanakin da muke da su. Sabuwar ƙwaƙwalwar da kullum take hanya, ita ce abin da muke kira lokacin da ya dace. Wani ya ce zai tuba in ya yi aure ya natsu. Da ya yi aure sai ya ce in yara sun girma. Wata ta ce za ta shirya da 'yar'uwarta da Kirsimati, Kirsimati ya zo ta ce bari a gama hidima. Wani ya ce zai yi wa maƙwabcinsa maganar Yesu in ya ƙara sanin Littafi, har aka ɗauki gawar maƙwabcin yana nan yana ƙara sani. Magabci ba ya cika ce wa mai bi, kada ka yi. Ya san ba za ka yarda ba. Abin da yake cewa shi ne, ka yi, amma bari wadda ta fi ta fito.

Ban ce haƙuri laifi ne ba. Wanda zai sayi kwamfuta, ba kuma aikin da ke jiransa, ya jira sabuwar, ba wanda zai hana shi. Amma kafin ka jira, ka tambayi kanka wa yake biyan kuɗin jiran nan. Habila yana tsammani da na'ura yake ciniki, ashe da kwanakin uwarsa yake yi. Ya ƙi waya don yana son abin da ba shi da aibi, sai ya tashi ba na waya, ba na kwamfuta. Girman kai ne ya sa rigar ƙwarewa. Allah bai taɓa tambayar bawansa abin da zai fito baɗi ba, abin da ke hannunka yau shi yake nema.

Matan nan ma suna da nasu rabon a misalin. Da yawa a cikinmu amshi kaɗai muka iya. Fasto ya yi addu'a mu ce amin, uwa ta yi addu'a mu ce amin, muna tsammani bangaskiyarsu tamu ce. Ranar da mai ba da baiti ya yi shiru, ranar ce za a san abin da ke cikinka.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowa ya san tasa Mama Liyatun. Tana can kan tabarma, ta riga ta kira ka sau ɗaya, ka ce ta ƙara haƙuri. In an tashi daga nan, kada ka biya ta gindin mangwaro. Ka tafi wurinta da abin da ke hannunka, tun tana da baki.