Kwanon Ruwa da Motar Tsaunin Gora

An ce wai a wani gari da ke gindin duwatsu an yi wani sarkin makanikai mai suna Malam Cindo, dattijo mai jinkirin magana, wanda ko ɓarawon sifana aka kawo masa sai ya bari ya gama kare kansa. A garejinsu akwai ƙa'ida: duk wanda ya sauya wa mota ƙirarta ya ɓata ta, a tattara masa kayan aikinsa, ya bar layin har abada.

Mutanen Tsaunin Gora, can saman duwatsun, suna da mota guda ta gayya, mai ja da ƙafa huɗu, da ita ake sauko da marasa lafiya asibiti. Ƙafafunta na gaba kowace zaman kanta take yi, abin da ke sa tafiya laushi a kan kwalta, amma duk damina sai ta maƙale a hanya. Wani makanike, Jatau, ya yanke ƙafafun nan, ya sa aksil guda, wato sandan ƙarfe mai haɗa tayoyin biyu.

Ba a jima ba sai ga Sallau, shugaban 'yan gayyar, ya iso gareji a fusace.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "mahaifiyata aka sauko da ita asibiti jiya, aka mayar da ita gida. Ciwon ƙafa ya fito da ita, ta iso da ciwon baya. Mota muka ba shi, ya maido mana da amalanke. A yi masa ƙa'ida!"

Jatau ya sunkuyar da kai. Ba shi da wata sana'a sai wannan, ga iyali.

Abin ya yi wa Malam Cindo nauyi, domin ya san Sallau bai yi ƙarya ba, ya kuma san Jatau bai yi ha'inci ba. Sai ya ce, "Malam Sallau, kai ka kawo ƙara, kai za ka zaɓi ma'auni."

Sallau ya ce a cika kwano biyu da ruwa, ɗaya a motarsu, ɗaya a irinta ta wani mai fataucin citta wadda ba a taɓa ta ba. Wadda ruwanta ya fi zubewa ita ce ɓatacciya. Makanikai suka dubi juna, don kowa ya san inda wannan gwaji zai faɗa.

"Na yarda," in ji Malam Cindo. "Sharaɗina ɗaya ne. Ba za a duba kwanon ba sai a ƙofar gidan mahaifiyarka."

Aka kama hanya, dattijon na zaune a gaban motar gayyar tare da Jatau. Tun kan kwalta ruwansu ya fara fantsama, ya jiƙe masa riga, motar mai citta kuwa tana lulawa lafiya lau. Sallau na cikinta, har yana leƙowa ta taga yana murmushi. Da aka zo kwazazzabon da ruwan sama ya zaizaye, motar mai citta ta ɗaga taya ɗaya sama kamar kare a jikin bango, tana ta juyawa a banza. Ta Jatau kuwa, taya ɗaya na hawa dutse, aksil na danna ɗayar ƙasa, ta rarrafa ta haye.

Sallau ya iso gida a ƙafa, yana haki, taɓo har gwiwa. Ya tarar da Malam Cindo zaune a ƙofar gida da rabin kwanon ruwa a gabansa.

"Ga namu," in ji dattijon. "Ina naka?"

"Yana can cikin mota, ko ɗigo bai zube ba."

"Madalla. To da Inna ce a kujerar motar can, a ina take yanzu?"

Sai Sallau ya ce, "Baba, na janye."

Malam Cindo ya juya ga Jatau. "Kai ma ba ka fita fes ba. Rigata shaida ce cewa dattijuwa ta sha wuya. Ka sassauta sifirin, ka sauya shokozoba, su rage wa mai zama jijjiga, sannan ka shiga ka gaishe ta."

Daga nan masu hikima suka ce: kada ka yi wa abu hukunci a inda hanya ta yi daɗi, bari sai ka ga abin da ya kai gida.