Mai Wankin Hula da 'Ya'yansa Lantana

An yi wani mutum a wani babban birni, mai wankin hula, ana ce masa Baba Tanimu. Rumfarsa tana bakin wani lungu da mata ke bi zuwa kasuwa. Lungun nan 'yan daba sun mayar da shi nasu. Da rana tsaka sai su tare mace, su fizge jaka, su tsinke ɗan kunne. Masu shaguna suna gani, kowa ya sunkuyar da kai.

Ku saurara. Tsohon nan ba ƙarfi, ba makami. Amma da ya hango an biyo wata mace, sai ya ɗaga murya: "Ke Lantana! Sai yanzu? Tun ɗazu nake jiranki!" Bai san ta ba, bai taɓa ganin ta ba. Ita kuwa sai ta gane, ta ce, "Na'am, Baba," ta zo ta zauna a bencinsa har su wuce. Ɓarawo yana shakkar mace mai uba a kusa.

Rannan shugaban 'yan daban nan, wani wai shi Ɓaleri, ya biyo wata mai goyo. Baba ya kira, ta zo ta zauna. Ɓaleri ya tsaya a kansa da wuƙa, ya ce, "Tsoho, Lantana nawa ka haifa? Jiya baƙa, yau fara. Ka ce ba 'yarka ba ce, in ƙyale ka."

Jama'a, kalma ɗaya ce fa tsakaninsa da lafiyarsa. Ga shi kuwa da hannunsa yake ci.

Baba Tanimu ya ce, "Yaro, duk wadda ta ce mini Baba, 'yata ce. Wannan ma 'yata ce."

Ɓaleri ya yanke shi a hannun dama. Jini ya ɓata hulunan mutane, amma tsohon bai matsa daga gabanta ba. Sai kunya ta kama wani tela da ke maƙwabtaka da shi, ya fito da almakashi yana cewa, "Ƙanwata ce!" Mai nama ya fito, mai gawayi ya fito. Ɓaleri ya duba, ya ga lungu duk dangin matar ne, ya ranta a na kare.

Hannun bai ƙara matse hula ba har tsohon ya koma ga Allah. Wallahi ina alfahari da bawan Allah nan kamar shi ya haife ni.

To, darasin a fili yake: mutuncin mace amana ce a wuyan duk wanda idonsa ya gani. Kai da ake ƙwace wa mace waya a ƙofar shagonka, kana cewa ba ruwanka, ba a ce ka yi dambe ba. Buɗe baki ka kira ta. Gobe taka 'yar za ta bi lungun da ba ka nan, tana duban wanda zai kira ta.