Kanwa a Naman Sundus

Akwai wata mata a unguwar Aziziyya ta birnin Madina, sunanta Shafa'atu. 'Yar Kano ce, aure ya kai ta can tun tana da ƙuruciya. Mijinta Alhaji Ja'afaru yana aikin lodin kaya a filin jirgin sama.

Shafa'atu mace ce mai hannun kyauta, ba wanda zai shiga gidanta ya fita da yunwa. Aibinta ɗaya ne: ba ta yarda da hannun kowa a girki ba. Ko ruwan zafi ka ɗora mata, sai ta taso ta gyara zaman tukunyar.

'Yarta mace guda ce, auta, mai suna Sundus. A Madina aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in ta buɗe baki rabi Hausa ne rabi Larabci. Ta zama budurwa, har ta shiga jami'a, amma a kicin ɗin uwarta ba ta wuce yankan albasa da wanke-wanke ba. Ɗan girkin da ta iya, a gidan ƙawayenta da cikin waya ta koye shi.

Ana nan sai labari ya zo cewa Gwaggo Sa'adiya, yayar Alhaji, za ta zo Umra, kuma a Madina za ta fara sauka. Gwaggo ba ta taɓa ganin Sundus ido da ido ba. Tsohuwa ce da ba ta tauna magana, in ta gani sai ta faɗa. Akwai ranar da ta tambaya a waya, "Wai yarinyar nan taku kuwa ta iya ɗora tukunya?" Tambayar nan ta tsaya wa Shafa'atu a rai. Ba abin da take tsoro kamar Gwaggo ta koma Kano ta ce an haifi 'ya a Madina an bar ta ba ta iya komai ba.

Ana saura kwana ɗaya, Sundus ta sami iyayenta a falo.

"Ummi, ni zan yi wa Gwaggo girki gobe. Fahita zan yi, na kaza da na shanu."

Shafa'atu ta zaro ido. "Wannan naman da kuke naɗewa a gurasa kuna ci a tsaye? Baƙuwa tun daga Kano, ki tare ta da abincin 'yan makaranta?"

"Wallahi na iya, Ummi. Duk ƙawayena sun sani."

Alhaji ya ajiye kofin shayinsa. "Bar ta ta yi mana. Tuwo da miya ai daga gidansu Yaya ta baro su."

"Bas da sharaɗi," in ji Sundus, tana ɗaga yatsa. "Kada ki sa hannu. Ko kaɗan. Ina so Gwaggo ta ci girkina ni kaɗai."

"To, na ji."

"Ki yi alkawari, Ummi."

"Na yi alkawari! Ko kallonsa ba zan yi ba. Ke dai kada ki ba ni kunya."

Da safe Sundus ta ɗaura ɗankwali ta shiga kicin. Ta yanka naman shanun sirara-sirara, tana gitta wuƙar a kan zaren naman don kada ya yi tauri. Ƙirjin kazar ma ta yanka shi dogo-dogo. Ta ɗauko roba biyu masu murfi, kowane nama da tasa.

Ta matse lemun tsami, ta zuba man zaitun, ta daka tafarnuwa. Ta kawo garin tattasai, masoro, ɗan barkono, gishiri, da kammun, wannan kayan ƙamshin da Larabawa ba sa girki ba shi. Ta cuɗa naman shanun sosai da hannu, ta rufe. Na kazar kuwa ta rage masa lemun tsami, ta ce shi ba ya son tsami ya yi masa yawa.

Shafa'atu tana bakin ƙofa, wai ba ta kallo. Amma wuyanta ya kusa tsinkewa don leƙe.

"Ba citta? Ba kanumfari? Ko dunƙule ɗaya ba za ki jefa ba?"

"La, Ummi. Haka yake."

"To yanzu sai me?"

"Yanzu sai a sa a tallaja a bar shi ya tsumu. Shi ke nan. Sabr, sai haƙuri."

Ta tura robobin cikin firji, ta wanke hannu. Bayan azahar ta bi babanta filin jirgi taryen Gwaggo. Aka bar Shafa'atu ita da firji.

Jama'a, a nan ne aka yi ta.

Ta zauna, ta tashi. Ta share falon da ta riga ta share. Ta jera kofunan gahawa, ta sake jera su. Ta zuba dabino a faranti, ta ga farantin bai yi mata ba, ta canza wani. Ta kunna turaren wuta, ta leƙa titi ta taga, ba kowa sai rana da motoci. Duk inda ta nufa a gidan, ƙafarta sai ta dawo da ita gaban firji, kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai.

Ta ce a ranta, kallo ai ba taɓawa ba ne. Ta buɗe.

Ta ce danna yatsa ma ai ba girki ba ne. Ta buɗe robar naman shanun ta danna. Sai ta ji shi da ƙarfi. Naman shanu, ba a tafasa ba, ba a sulala ba, a jefa a kasko a ba tsohuwar da haƙoranta suka fara sallama? Ta hango Gwaggo tana ja, nama yana ja, kowa ya yi shiru.

Ta rufe firjin, ta kira Sundus a waya.

"Ke, naman nan fa da tauri."

"Ummi, kin buɗe?"

"Ruwa na je ɗauka."

"Allah yikhallik, don Allah ki bar shi. Lemun tsamin zai yi aikinsa. Jirgi ya sauka, sai mun zo."

Ta ajiye wayar, amma zuciyarta ta ƙi ajiyuwa. Lemun tsami? Yaushe lemun tsami ya taɓa karya naman sa? Ita tun tana yarinya ta san maganin nama mai gardama. Ƙafar saniya ma, da ganda, da wake, duk abu ɗaya ke ladabtar da su.

Ta jawo kujera ta hau, ta lalubo wani ƙullin leda a can saman kabad. Jar kanwa ce, tsarabar gida. Ta ɓantari gutsure, ta jiƙa a kofi. Ta duba, ta ga kamar ya yi kaɗan, ta ƙara. Ta ce, "Taimako ne ai. Ba wanda zai sani."

Tana tsiyaya ruwan kanwar a kan naman, sai ya ɗauki kumfa yana tsuwa, fuuu. Kanwa ta haɗu da tsami. Shafa'atu ta ja da baya. Ta sa cokali ta jujjuya har kumfar ta kwanta, ta mayar da murfi. Tsoro ya hana ta taɓa robar kazar. Ta ɗauraye kofin, ta mayar da ƙullin inda yake, ta koma falo ta ɗauki carbi. Ko tasbihin ma ba ta san me take ja ba.

Bayan la'asar suka iso. Gida ya cika da murna. Gwaggo ta rungume Shafa'atu, aka yi gaisuwar yaushe rabo, aka sha gahawa da dabino. Gwaggo tana riƙe da hannun Sundus ta ƙi saki.

"Ashe haka kika girma! Tun a mota ubanki yake cika ni da labarin girkinki. Wai har kala biyu."

Sundus ta yi murmushi ta shige kicin. Ta ɗora kasko ya yi zafi jau, ta soya albasa da tattasai ja da kore, ta kwashe. Ta zuba kazar. Nan take ƙamshi ya cika gidan, naman ya yi ja a gefe-gefe, yana sheƙi.

Sai ta buɗe robar naman shanun. Ta ga launinsa ya yi duhu, yana santsi a hannu. Ta dai zuba. Maimakon ya soyu, sai ya saki ruwa, ya fara dagargajewa a cikin kaskon. Ta ɗanɗana, ta yi sauri ta tofar. Ɗaci-ɗaci, da wani ɗanɗano kamar sabulu.

Ta juya, ta ga uwarta a bakin ƙofa.

"Ummi, esh sar? Me ya sami naman nan? Kin sa wani abu?"

Gaskiya ta zo wa Shafa'atu har maƙogwaro. Ta waiga falo, ta ji muryar Gwaggo tana dariya, sai ta haɗiye ta.

"Ina zan sani? Ba ke kika ce kada in taɓa ba?"

Idanun Sundus suka ciko. Ta yi ta lissafa abin da ta zuba, ko lemun tsamin ne ya yi yawa, ko mahaucin ne ya ba ta tsohon nama. Ta so ta ɓoye shi, amma ana shimfiɗa ledar cin abinci Alhaji ya ɗaga murya, "Ina na shanun? Shi na fi yi wa Yaya talla."

Ta kawo shi a ƙaramin kwano, kanta a ƙasa. Ta durƙusa gaban Gwaggo, ta tattaro duk Hausar da take da ita.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Wannan ya lalace. Ni na ɓata shi, ban san yaya aka yi ba."

Da Shafa'atu ta yi shiru a nan ma, da da sauƙi. Amma mai laifi bakinsa ba ya zama. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Sai haƙuri, Yaya. Yaran yanzu ne, girkin waya. Na so in sa mata hannu ta hana."

Gwaggo ta miƙa hannu. Ta ɗauki gurasar nan marar kauri, Sundus ta nuna mata yadda ake zuba kaza da tattasai a naɗe. Ta gatsa, ta tauna, ta gyaɗa kai.

"Kai! Wannan kaza ta ji haɗi. Ga laushi, ga ɗanɗano har ciki. Miƙo min ɗayan ma."

"Gwaggo, ba zai ciwu ba."

"Miƙo dai. Ni ba a yi min girki in raina."

Ta ɗauki yanka ɗaya ta sa a baki. Ba ta ma tauna sau biyu ba ta tsaya. Ta ciro shi, ta shinshina.

"Kanwa," ta ce. Ta dubi Sundus. "Ke 'yar nan, a girkin naku na nan ana sa kanwa?"

"Kanwa? Wadda Ummi take sawa a miyar kuka? Ni ko inda take ajiye ta ban sani ba."

Gwaggo ta juya a hankali ta dubi matar ƙaninta.

"Shafa'atu, jar kanwar nan da na aiko miki bara, ashe da sauranta."

Alhaji ya sauke lomar da ya ɗauko. Shafa'atu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Na ga kamar zai yi miki tauri ne, Yaya," ta ce. "Gyara na so in yi."

Sundus ta dubi uwarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ummi, nama ba komai ba ne, ana sayen wani. Amma na tambaye ki a kicin. Kuma kina zaune na durƙusa ina ba da haƙuri."

Ta tashi ta shige ɗakinta, ta tura ƙofa a hankali.

Gwaggo ta goge hannunta. "Na san abin da kika ji wa tsoro. Kada in koma gida in ce 'yarki ba ta iya girki ba. To ta iya, ga shaida na ci. Ita da aka ɓata wa, ta ɗauki laifin a kanta ba ta jingina wa kowa ba. Yanzu in an tambaye ni uwarta fa, me kike so in ce?"

Garin neman gira Shafa'atu ta rasa ido. Ta tashi da ƙyar ta je ƙofar ɗakin, ta tsaya, ita da ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar 'yarta ba, yau ta ƙwanƙwasa.

"Sundus, ni ce. Na karya alkawari, na yi miki ƙarya, na bar ki da kunyar da ba taki ba. Ki yafe min."

An jima kafin ƙofar ta buɗe. Suka rungume juna suna kuka, Sundus ta ce ta yafe, kuma da gaske ta yafe. Kafin Gwaggo ta wuce Makka, sai da Sundus ta sake yi mata fahitar shanu, naman ya fito da laushi ba tafasa ba kanwa, tsohuwa ta ci har ta nemi ƙari.

Sai dai tun daga ranar, duk lokacin da Sundus ta haɗa nama za ta sa a firji, sai ta naɗe murfin robar da salatif, zagaye biyu. Ba ta cewa komai. Shafa'atu ma ba ta taɓa cewa komai ba. Amma duk sanda ta buɗe firjin ɗaukar ruwa ta ga robar nan a naɗe, sai ƙwalla ta cika mata ido, ta rufe ta koma ba ta sha ruwan ba.

Darasi: In ka ba mutum amanar aiki, ka ba shi haƙurinka tare da ita, domin garaje da rashin yarda su ke ɓata abin da yake kan gyaruwa. In kuma ka yi kuskure, ka amsa shi tun da zafinsa, kada ka bar wanda ba shi da laifi ya ɗauki kunyarka. Yafiya tana zuwa da wuri, amma yarda in ta tafi tana daɗewa ba ta dawo ba. Ku tura wa iyaye da 'yan uwa, wataƙila akwai wanda hannunsa yake kan murfi yanzu haka.